Kekunan Ɗinki Masu Taya

A layin teloli na bayan tashar mota akwai wani dattijo da ake ce wa Sai-Na-Gani. Sunansa na yanka ya ɓace da daɗewa, har matarsa in ta ji an ambata sai ta waiga ta ga wa ake nufi. In ka ce masa "ina kwana" zai amsa, amma sai ya leƙa waje ya tabbatar gari ya waye. Tela ne na gaske, wannan kam ko maƙiyinsa ba ya musu. Yadi ba ya shiga bakin almakashinsa sai ya jiƙa shi ya shanya, ya ga iya tsukewar da zai yi, komai rantsuwar mai kanti. Haka yake yi wa mutane ma, illa dai su ba ya taɓa gama jiƙa su.

'Ya'yansa manya duk sun gaji da shi sun kama wasu sana'o'i. Auta ce kaɗai, 'yarsa ta ƙarshe, ta zauna a shagon, har bayan ta yi aure ba ta daina zuwa ba. Burinsa a duniya ɗaya ne, ta gaji shagon nan, kada ranar da aka rufe idonsa a mayar da wurin na sayar da katin waya. Ya faɗa wa kowa a layin, ban da ita. Aikinta kullum kalmasa, maɓalli da guga. In ta ce, "Baba, a ba ni in yanka wannan mana," sai ya ja almakashi kusa da gwiwarsa ya ce yadin mutane ne, sai ya ga hannunta ya faɗa tukuna.

Wata rana rediyo ya kawo labari. Wata ƙasa mai arziki ta ƙetaren teku ta ce duk tufafin da aka ɗinka a nan za su shiga kasuwarta ba haraji, wai don a taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Ba a jima ba masu zuba jari suka sauko, suka kama tsohon sito na gefen gari, suka fente shi fari fat, suka mayar da shi masana'antar ɗinki. Layin teloli ya ɗauki murna. Mai Zif, maƙwabcin shagon Sai-Na-Gani kuma abokin tsokanarsa, ya leƙo yana washe baki.

"Dattijo, yau me za ka ce? Arziki ya biyo mu har gida."

"Kai ka taɓa jin mai kuɗi ya ɓata hanya ya faɗo gidan talaka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya buɗe maka ƙofa, ai makullin yana aljihunsa."

"To ka zauna nan. Mu in an dama da mu za mu sha."

Abin da Sai-Na-Gani bai zata ba, Auta ce ta fara zuwa masana'antar aka rubuta sunanta, mijinta kuma aka ɗauke shi gyaran kekunan ɗinki. Ta zo ta durƙusa ta gaya masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai hana ta ba. Ya ce dai zai je ya gani.

Ya je ɗin kuwa, da abin awonsa a wuya kamar wanda aka gayyata. Ɗaki ne guda mai tsawo, fitilu reras, mata a jere kowace da kekenta, ƙara kamar ana ruwa a kan kwano. Wannan kwala kawai take ɗinkawa, waccan aljihu, ta gaba hannun riga. Ya murza yadin, ya ja zaren da haƙori, ya leƙa har makewayi, bai samu abin kushewa ba, abin ya ba shi haushi. Sai da zai fita ya sunkuya gyara takalmi, ya ga kowane teburin keke yana da ƙananan tayoyi. Shi nasa keken da ƙusa ya kafe shi a daɓe tun yana saurayi.

Ya dawo layi yana cewa, "Da walakin, goro a miya. Wanda ya zo zama ba ya sa wa kujerarsa taya."

Aka yi masa dariya. Shekaru suka yi ta wucewa kuma dariyar tana ƙaruwa, don duk abin da ya hango bai auku ba. Ya ce ba za su biya albashi ba, suka biya. Ya ce za su kori masu ciki, ba su kora ba. Auta ta zama shugabar layin masu ɗinki a can, daga nan aka mayar da ita ɗakin yanka, inda ake shimfiɗa yadi hawa-hawa a bi shi da wuƙar lantarki. Da ya ji wannan sai ya ce lallai mutanen nan yadinsu ba shi da mai shi. Duk da haka kowace safiya sai ya goge keken Auta ya ɗiga masa mai, ya rufe da zane. Ya tabbata za ta dawo, tayoyin nan kawai yake jira su motsa.

Suka motsa kuwa. Ashe rangwamen harajin yana da wa'adi, ya cika, majalisar waccan ƙasa ta ƙi sabuntawa, ta ce wata ƙasar ce yanzu ta fi cancanta. Babu wanda ya yi faɗa da kowa. Aka sallami ma'aikata da godiya, aka tura kekuna cikin kwantena, mutum ɗaya yana tura biyu ba ko gumi.

Ranar nan Sai-Na-Gani ya sa sabuwar riga. Da Auta ta shigo shagon da hantsi, ta tarar ya yaye zanen keken, ya shimfiɗa yadi a teburin yanka, ya ajiye alli da almakashi ta gefenta. Bai taɓa yi wa wani mahaluki haka ba.

"Auta, ga shi. Daga yau ke za ki riƙa yanka."

Ta tsaya tana kallon teburin, ba ta taɓa komai ba. Sannan ta durƙusa.

"Baba, sallama na zo yi maka. Sun ce mu bi su can inda suka koma, ni in koyar da yanka, maigidana ya kula da kekuna. Mun amsa."

"Mutanen da suka watsar da garin nan kamar ƙyalle? Can ma haka za su yi. Wa'adi zai cika, su tura kayansu su yi gaba."

"Na sani, Baba. Ban ce masu amana ba ne. Amma wata na biyu da zuwana suka miƙa mini yadi suka ce gwada. Na ɓata, suka sake miƙo wani. Kai kuwa na girma a gabanka kana jira ka gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ya sa mata albarka da murya ƙasa-ƙasa, ta tashi tana share ido ta fita.

Da la'asar teloli suka taru a ƙofar shagon, waɗanda 'ya'yansu da matansu suka rasa aiki, kowa jiki a sanyaye. Mai Zif ne ya yi magana a madadinsu.

"Dattijo, mun zo mu ba ka haƙuri. Duk layin nan kai kaɗai ka gano su. Ka yi gaskiya."

Shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ji wannan daga bakin Mai Zif. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "In kun san mai neman shago, ku turo mini shi."