Makullin Jar Mota a Kwanon Inna

Shekarar da maigidana ya sayo jar motar nan na gane cewa namiji yana iya ajiye gemu, ya haifi 'ya'ya, amma bai bar wasan motar kara ba. 'Yar guntuwa ce mai ƙofa biyu, bayanta a datse kamar an yanke da wuƙa, cikinta kuma kusan yana shafar ƙasa. In ya tashe ta kuwa, kajin unguwa sai sun watse. Na tambaye shi inda za mu riƙa sa buhun shinkafa, ya ce in fara duba jan layin da aka ja mata a baki tukuna. Na duba. Layi ne dai, ja, siriri.

"Malama, ba ki gane ba," in ji shi. Haka yake kirana don ina koyarwa a firamare. "Wanga layi shi ka nuna ba ɗaya take da sauran ba."

Ashe ba shi kaɗai ba ne a Jega. Akwai abokansa masu irin waɗannan guntayen motoci masu gudu, kuma ƙofar gidanmu suka mai da majalisa. Bayan la'asar sai su jera su a inuwar dogon yaro, su tsaya suna musu kamar ana rabon gado: wilin wane ya fi kyau, salansa biyu gefe da gefe ko ɗaya a tsakiya, ɗan fiffiken baya ya kamata ya zama baƙi ko kalar jiki. Akwai ranar da na ji sun kai magariba a kan zaren da aka ɗinka sitiyari da shi. In musu ya ƙi ƙarewa sai su ɗunguma zuwa Aliero su dawo, ba saƙo ba gaisuwa, wai don injin ya sha iska. Manyan mutane ne fa, da ma'aikaci da ɗan kasuwa, amma da buroshin haƙori suke wanke tayoyi.

Ni abin da ya dame ni a shekarun nan ba mota ba ne, Inna ce, mahaifiyar maigida. Tana Danwarai, gidansu na manoman albasa. Ta so ɗanta ya auri 'yar ƙauyensu, ya tsallake ya ɗauko ni, 'yar gari mai zuwa aiki da jaka. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yaba mini ba. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice, idonta na kan abin da take tsincewa. Na fi son a zage ni da wannan, don zagi dai ka san inda ka tsaya.

Sai bayan haihuwata ta biyu wani kwano ya fara zuwa. Tsohon kwanon samira ne, fentinsa ya goge, murfinsa kuwa sai an sa farce an ɓamɓare. Maƙwabciyar Inna mai kawo gabu, busasshen ganyen albasa, kasuwar Jega ita ke kawo shi ranar kasuwa, yau gumba, gobe man shanu, wata rana daddawa. Ba saƙon baki ko ɗaya. Kwano kuma ba a mayar da shi wayam, sai in cika shi da dabino ko sukari ko sabulu in ajiye, in matar ta dawo ta tafi da shi. Duk hirar da ke tsakanina da Inna ke nan. Ina son matar nan, ina tsoronta, kuma duk ranar kasuwa gabana yakan faɗi kada a ce yau kwano bai zo ba.

Ana nan sai tsoron ɓarayi ya shigo majalisar masu motoci. Wanda ya kawo shi wani abokinsu ne daga Maiyama, mai farar mota, mai shagon wayoyi, mutumin da kullum yake da sabon abin firgita jama'a a cikin wayarsa. Dole in bayyana makullin motar nan, don ba irin na mutane ba ne. Ba shi da haƙori, ba a cusa shi ko'ina. Ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana. In yana aljihunka, kana taɓa ƙofa za ta buɗe, ka danna maɓalli mota ta tashi. To, mutumin Maiyama ya nuna musu wani bidiyo na wata ƙasa, wai ɓarayi na tsayawa a bayan katanga da wata na'ura, ta zuƙo siginar makullin daga cikin ɗaki, ta kai wa motar, motar ta ɗauka mai ita ne, ta buɗe ta bi su.

Na leƙo na ce, "Ɓarayin da munka sani nan akuya suka ɗauka."

Ba wanda ya ko kalle ni. Magani, in ji mutumin Maiyama, shi ne a rufe makullin a cikin ƙarfe, don sigina ba ta ratsa ƙarfe. Tun daga ranar kayan kicin ɗina suka shiga uku. Maigida zai ɗauki tukunya, ya jefa makulli, ya rufe, ya rungume ta ya fita ƙofar gida ya taɓa motar. In ta buɗe, tukunya ta faɗi jarrabawa. Gwangwanin madara ya faɗi, langar miya ta faɗi. Maƙwabta suna kallon babban mutum yana zirga-zirga da kwanoni kamar mai tallan abinci. Da ya kai ga kwanonin jerena, waɗanda uwata ta tara mini tun ina budurwa, na ce a nan fa za a yi ta. Na ƙwace, na kulle kabad, na ce ya je ya binne makullin a rami in ya ga dama.

Ya daina maganar. Da na san halinsa sosai, da wannan shirun ne zai tayar mini da hankali.

Ranar kasuwa da safe maƙwabciyar Inna ta biyo. Kwanon yana kan kantar kicin, tun shekaranjiya na cika shi da dabino na rufe. Na ɗauko na ɗaure a ƙyalle na ba ta, ta yi kasuwarta da wuri ta koma. Maigida bai nemi mota ba ranar sai bayan azahar, don an shirya jerin guntayen motocin za su raka wani abokinsu ango zuwa Maiyama. Ya sha wanka, ya sa shadda, ya karya hula. Na ji shi yana ɗage-ɗage a ɗaki, can ya fito fuska ba jini.

"Malama, ina kwanon Inna?"

"Ya tahi gida. Mi za ka yi da shi?"

Ya zauna a bakin rijiya da sabuwar shaddarsa. Da ƙyar na tatso maganar. Kwanon Inna ne kaɗai ya ci jarrabawa, saboda murfin nan nasa. Tun da na hana shi nawa, a can yake ɓoye makulli, yana tura shi ƙarƙashin dabino don kada in gani in yi faɗa. Motar kuma da makulli ɗaya ta zo.

Na fara dariya, har na dafa bango. Sai na tambaye shi ko haka nan tsirara ya sa shi. Ya ce a'a, mutumin Maiyama ya ce a ninka tsaro. Ya naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi, ya sake naɗewa da guntun baƙar fata, ya ɗaure da zare ya ƙulle tam.

Nan take na bar dariya. Ɗan ƙulli mai kusurwa huɗu, a baƙar fata, an ɗaure da zare, an binne a cikin abin ci, daga hannun matar ɗa zuwa ga uwar miji. Ko yaron goye aka nuna wa zai ce laya ce. Duk shekarun da na yi ina lallaɓa matar nan, ga shi an aika mata da shaidar cewa asiri nake yi mata, da sunana a kai.

Abin da na faɗa wa maigida a tsakar gidan nan ba zan rubuta shi ba. Na dai haɗa da shi da motar da jan layin da mutumin Maiyama da kakan wanda ya ƙirƙiro makulli marar haƙori. Muka kira ƙanen maigida a Danwarai, don Inna ba ta riƙe waya. Ya ce lalle kwano ya iso, Inna ta shiga da shi ɗaki, kuma tun sannan ba ta fito ba, ko abincin rana ba ta ci ba. Ya tambaya ko lafiya. Na ce kada ya ce mata komai, ga mu nan. Irin wannan magana ba a aika ta, da ƙafa ake kai ta.

Mutumin Maiyama ne ya kai mu, don na ce shi ya ƙulla, shi zai kwance. Aka karya kujerar gaba na kutsa baya, gwiwoyina a haɓata. A kan kwalta kam motar ta yi abin da aka saye ta don shi, gonaki suna wucewa kamar ana jan su. Muna sauka hanyar ƙauye labari ya canza. Kowane ɗan tudu sai ta goga ciki, mai ita ya yi salati kamar shi aka goga. Wani dattijo a kan jaki da mangalar albasa ya wuce mu, ya waiwayo ya yi mana sannu. Maigida yana ta jajanta wa abokinsa bambar motarsa, ni kuwa ina baya ina haddace abin da zan faɗa, ina rantsuwa a zuci tun ba a tuhume ni ba.

Muka iske Inna a ɗakinta, zaune a tabarma, kwano a gabanta a buɗe. Maigida ya durƙusa zai fara bayani, ta ɗaga hannu. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallonsa ba.

"Kai, hita. Da ita nika magana."

Ya fita, ya bar ni. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice kamar kullum. Sai ta jawo haɓar zanenta ta kwance wani ƙulli, ta ajiye abin a tsakaninmu. Wallahi ko ni da na san ko mene ne, sai da na ɗan ja da baya. Na buɗe baki, ta ce in saurara.

"Da nig gane shi, nis san laya ta," in ji ta. "Nic ce in kai ma malam, nic ce in jeha wuta. Sai niz zamna ina tunani. Tsohuwa irina, ba gona ba shanu, mi yarinyar ga taka biɗa gare ni? In cuta ta, da ta daɗe da yi, shekara nawa ina cin abin hannunta. Sai nig gane abu guda na." Ta ɗauki dabino ɗaya tana jujjuya shi, ba ta kalle ni ba. "Nic ce wayyo, ashe ɗiyar ga har yanzu ba ta sani ba, har sai ta je wurin malamai ta wahal da kanta don in so ta. Ke, wa yac ce miki ina kai ma kowace macce man shanuna? Ina da surukai huɗu. Ni ban iya hwaɗi ba na, ba a koya muna ba. Abin da kika biɗa, kin daɗe da samu."

Duk haddar da na yi a mota ta gudu. Na sunkuyar da kai ina kuka kamar yarinya, majina da hawaye, mayafi ya jiƙe. Ta bar ni na yi mai isata, tana cewa in bari haka nan kada a ji a waje a ce dukana take yi. Na so in yi shiru in bar zancen a haka, don ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Amma ba zan bar ta da tunanin na bi malamai a kanta ba. Na sa haƙori na tsinke zaren, na warware fatar da takardar, na ɗora mata ɗan baƙin abin a tafin hannu.

"Inna, makullin motarshi na. Shi yaɓ ɓoye shi nan, don tsoron ɓarayi."

Ta juya shi gaba da baya, ta nemi haƙorinsa ba ta gani ba. Ta dubi ƙofa inda inuwar ɗanta take kai da komo, ta ja tsaki mai tsawo. Sai kuma ta tsaya cak, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta.

"To ke ba ki sa komi ba?"

"Ban sa ba, Inna."

Tsohuwar nan da ban taɓa ganin ta ji kunyar kowa ba ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Can ta miƙo mini makullin, fuskarta na kallon bango.

"Kai mishi abinai," ta ce. "Abin da nic ce kuwa, na riga na ce. Kada ki sa ni in maimaita."