Ranar da Baba Ya Shiga Daji Ba Bindiga

Mahaifina malamin dabbobi ne, kuma a kan doki ya yi aikinsa, ruga zuwa ruga, yana yi wa shanu allura. Da daji ya fara lalacewa sai ya nemi izini ya riƙa soke ƙaramar bindiga a ƙugu. Da abin ya ƙazanta ya sayar da dokin ya zauna a gida. Tun daga nan fara'arsa ta tafi.

Bara na kawo shi wurina a Ingila, unguwar Erdington da ke Birmingham, ya huta, amma mutumin nan sai zama gaban talabijin kamar an dasa shi. Abin ya ci mini rai, ni kuwa duk gidanmu an san ba na ganin abu in yi shiru. Na nemo wata gona a bayan Birmingham inda ake ba da hayar dawaki a zaga cikin kurmi, na kama mana ranar Asabar. Na ce a raina in wannan bai tashe shi ba, to na rasa Baban da na sani.

Da na gaya masa fuskarsa ta washe, sannan ya ce, "Uwata, wa zai riƙe bindigar?"

"Wace bindiga kuma, Baba?"

"Daji fa kika ce."

Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa a ƙasar nan wanda aka kama da ƙaramar bindiga sai gidan yari. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar nan ta yarinya ce ke magana. Ashe ina fita aiki ya kira yayana a Manchester, wai ya ji an ce a can unguwar Cheetham Hill ba abin da ba a sayarwa a sari, ya leƙa ya samo masa 'yar ƙarama, ko ta hannu ce. Yaya ya kira ni ya ce: "Ki karɓe wayar Baba kafin ya sa a kwashe mu duka." Na yi dariya har da hawaye. Daga baya na yi fushi, don Baba ya kafe cewa ba bindiga, ba hawa.

Ranar Asabar na ce ya raka ni kawai ya ga dawakin. Muna isa ya nufi wata jar goɗiya, ya buɗe bakinta, ya ɗaga ƙafarta ya duba kofato, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Sai ya ce in tambayi jagorar, wata dattijuwar Baturiya, me take riƙewa don tsaro. Ta zazzage aljihunta: waya, ƙarfen sakace kofato, da alewar minti ta dawaki. Baba ya ce, "Allah ya kyauta." Ya cire hularsa ya kifa hular kwano, ya hau, wai ba don komai ba sai don ya tsaya a baya ya tsare mu.

A cikin kurmin ina waiwaye ina ganin hannunsa a ƙugu, inda babu komai. Wani abu ya motsa a ciyawa, ya ja linzami cak. Tsoho ne da karensa, har ya ɗaga mana hannu. Baba ya bi su da kallo har suka ɓace, sannan na ga kafaɗunsa sun sauka. Ba a jima ba mai tsaron bayanmu ya wuce ni a guje, rigarsa na tashi, Baturiya na kiransa, shi kuwa yana ƙyaƙyata dariya. Wallahi daɗi ya kusa kayar da ni daga kan sirdi.

Can gaba muka same shi a tsaye, ya ɗaga kai sama.

Ya ce, "Uwata, duk shekarun da na yi a daji gindin itace nake kallo, ko akwai mutum a bayansa. Ashe haka samansa yake."

Ni ma na ɗaga kai na duba. Ya shafa wuyan goɗiyar, ya ce, "Tambayi matar nan ko suna buɗewa gobe."