Ba Wanda Ya Koro Ta

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da ƙanwata da direban da maigidana ya haɗa mu da shi. Wani ƙauye muka nufa gaba kaɗan da Shagari, wajen Inna, yayar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage mana a manyan gidanmu. Ƙanwata za ta bar ƙasar, mu kuwa a gidanmu ba a doguwar tafiya sai Inna ta dafa kan mutum.

Bari in gaya muku aikin ƙanwar tawa, don ni ma na daɗe kafin in iya bayaninsa. Alƙaliyar wasa ce. Wasan kuwa lakuros ake ce masa, can inda ta yi karatu ta same shi. Mata ne ke gudu riƙe da sanduna masu 'yar raga a baki kamar matacin koko, suna cafe ƙwallo suna jefa wa juna. An zaɓe ta cikin masu alƙalanci a gasar ƙasashe, amma sai ta ci gwajin gudu tukuna, gwajin kuma ya matso. In ta faɗi, a cire sunanta a sa na wata. Ga shi zazzaɓi ya kwantar da ita kwanakin baya, ƙarfinta bai gama dawowa ba. Shi ya sa ba ta yarda rana ta fito ta faɗi ba ta yi atisaye ba.

A Bodinga muka tsaya karin kumallo. Ni dai masa na samu mai zafi, na ci har da neman ƙari. Ita kuwa dafaffen ƙwai da ayaba ta ciro daga jaka. Mai masar ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ƙanwar taki magani take sha?" Albasa kuwa jibge a bakin titi, buhu kan buhu, da na ji kuɗinta sai da na ji haushin wadda na saya a cikin gari.

Daga nan hanya ta miƙe. Fadamu kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, sai ka ce an shimfiɗa darduma, ga raƙuma na tafe da kaya ba ruwansu da kowa. Na yi ta tasbihi a raina. Amma na lura da wani abu. Duk ƙauyen da muka ratsa, mutane sai sun bi motarmu da kallo har ta ɓace. Direba ya ce shekarun nan mutanen karkara sun ga abin da ya sa ba su sakin jiki da baƙuwar mota.

Inna ta tarbe mu da fura mai sanyi da hoce, ta zaunar da ƙanwata kusa da ita tana matsa mata damtse tana cewa ta rame. Ba mu yi zancen aiki ba ranar. Gaisuwa kawai ta cinye yinin.

Washegari da gari ya fara haske ƙanwata ta sa dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi, ta rataya usur a wuya. Na ɗauki tabarma da gorar ruwa na raka ta hanyar fadama, na zauna gindin wata bishiyar bedi da carbina. Ta fara gudu. Ta yi nisa, ta juyo a guje ta nufo gari, ta ci burki, ta ɗaga hannu, ta busa usur kamar yadda take yi a fili.

Abin da mu biyun ba mu sani ba, a garin nan usur na 'yan sintiri ne, kuma ba su busa shi sai in mahara sun taho. Ga kuma mace ta fito daga wajen daji a guje da sassafe.

Kafin in miƙe tsaye gari ya hargitse. Matan da ke bakin rijiya suka zubar da bokitai. Na ga wata da goyo tana jan yara biyu, ta yi tuntuɓe ta faɗi kan gwiwa, ta tashi ba ta ko duba ciwon ba. Maza suka fito da abin da hannunsu ya kai gare shi. Wani dattijo ya tari ƙanwata yana haki, ya ce, "Su nawa na? Ta ina sunka biyo?" Ita kuwa ta nuna masa usur ɗin, ta ce ba kowa, atisaye take yi.

Da ƙura ta lafa, wasu sun yi dariya, musamman da aka zaro wani tsoho daga cikin rumbu da ƙaiƙayi a gemu. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Mai unguwa ya aiko cikin ladabi cewa baƙuwa ta yi haƙuri, kada a sake gudu a garin nan. Ƙanwata ta je da kanta ta wanke wa mai goyon nan gwiwa ta ɗaure mata, ta dawo ɗaki ta kifa kai tana kuka. Ta ce da ni ta haƙura da atisayen har mu koma, in ya so gwajin ya zo yadda ya zo. Na san abin da hakan ke nufi, don mun yi alkawarin kwana da kwanaki wajen Inna, kuma ba a yanke wa Inna kwana.

Bayan azahar Inna ta kira ta. Ta ce, "Ke ɗiyata, gudun ga na mi na? Ke ka buga ƙwallon?"

Ta ce, "A'a Inna. Ni ke tsare su. Ɗiyan mutane ne, da sanduna a hannu, ƙwallon kuma tauri gare shi. In wata ta ɗaga sanda kusa da idon wata, dole ina wurin in tsayar kafin ta sauke. In na gaji na makara, ni na jawo."

Inna ta ja carbinta. Can ta ce, "Ashe gudun tsaron ɗiyan mutane na." Ta miƙa hannu ta ce a ba ta usur ɗin, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Sannan ta yafa mayafi, ita da ta daɗe ba ta fita ba, ta dogara sanda sai ƙofar mai unguwa. Ban san me ta gaya masa ba. Na dai san ana idar da la'asar sai muka ji lasifikar masallaci:

"Jama'a, ana sanar da ku, gobe da sahe za ku ga mace tana gudu hanyar hwadama. Ba wanda ya koro ta. Aikinta na. Kowa shi zauna lahiya."

Da safe na ɗauka za mu tarar da hanya fayau. Ashe matan gari sun riga mu fita, sun jeru gefen gonakin albasa, wasu da tabarmi. Ƙanwata ta yi bisimilla ta fara.

Ni da muka fito ciki ɗaya, ban taɓa tsayawa na kalle ta da kyau ba sai ranar. Ta yi gudu gaba har ta zama ɗan ɗigo, ta dawo. Ta yi gudu da baya, fuskarta na kallonmu, ba ta ko waiwaya ba, ƙafafunta sun san inda kowane rami yake. Ta yi a kaikaice kamar ƙaguwa. Ta tsaya cak wuri ɗaya, hannu sama, ƙura ta wuce ta. Zufa ta jiƙe hijabin, numfashinta har inda nake ina jin sa, amma idonta na nan tar, ko motsin akuya bai wuce ta ba. Wannan ce yarinyar da na goya, wadda kwanan nan nake ba ta kunu da cokali. Tsigar jikina ta tashi, na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya gina ɗan Adam. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar takalminta.

Da ta gama, mai goyon nan ce ta ɗingiso ta miƙa mata kwanon ruwa. Ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, rabon da in ga mutum na gudu gabana bai hwaɗi ba, na mance."

Haka aka yi ta yi kowace safiya har ranar komawarmu. Inna ta kwance bakin zane ta mayar mata da usur, ta dafa kanta ta yi doguwar addu'a, ta ce a busa shi can inda ba ya firgita kowa. Aka cika mana bayan mota da albasa, har muka iso Sakkwato idona na yaji, ban kuma ce duk laifin albasar ba ne.

Na dawo da sanin cewa gudun da yake aiki a wajen wata, a wajen wata tashin hankali ne, kuma baƙo ya kamata ya tambaya kafin ya motsa. Allah ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya.

Ƙanwata ta ci gwajinta, alhamdulillahi. Na aika wa Inna, aka ce min da la'asar ɗin ranar sai da aka sake kunna lasifika, aka sanar da gari cewa mai gudun nan ta kai inda za ta.