Farin Garin Cikin Buta

Shekara biyu da samun mulkin kai aka ɗauki maigidana aikin biro, wato ofis, a Yamai, muka baro Maraɗi. An ba mu gida a bakin gari, ɗaki biyu, da wutar lantarki, da pompo a tsakar gida. Ni da na tashi da igiyar guga a hannu, kwana uku na yi ina buɗe pompon nan ina rufewa, ba don ina bukatar ruwa ba. Daga wata rijiya mai zurfi ake jawo ruwan unguwar. Yana da ɗan nauyi a baki, sabulu ma sai ya ga dama yake kumfa a cikinsa, amma a lokacin babu wanda ya isa ya kushe mini shi.

Ba mu daɗe ba maigidana ya sayo butar lantarki. Na fi tattalinta a kan kwanukan aurena. Kullum sai na goge ta har ina ganin fuskata a jikinta, in ajiye ta inda duk wanda ya shigo zai gani.

Maƙwabciyarmu ƴar Dogondutsi ce, Kirista, ungozoma a asibiti. Yaya nake ce mata. Ita ta koya mini ciniki da Zabarmanci a kasuwa, ita ta gane ina da ciki kafin in faɗa wa kowa. Ta san na yi ɓari sau biyu a Maraɗi, don haka ta hana ni daka, ta hana ni ɗaukar kaya, in ta kama ni da taɓarya sai ta ƙwace tana faɗa. Wata rana ta yi baƙi daga garinsu, ta ari butar kwana biyu ta maido.

Washegari na buɗe murfin, sai na ga wani farin abu ya lulluɓe gindin butar, wani ya ɓamɓare ya zama gari. Maganar gaskiya, wata takwas ban taɓa leƙa cikinta ba. Ta bakinta nake ɗura ruwa, bayanta kawai nake gogewa, tunda shi mutane ke gani.

Na dafe cikina. Na kankaro garin na ƙulle a tsumma, na kai wa gwaggota a unguwar Maourey. Gwaggo ta murza, ta shinshina, ta tambaye ni wa ya taɓa butar. Ban ce Yaya ce ta zuba ba. Sunanta kawai na faɗa na yi shiru, na bar Gwaggo ta ƙarasa sauran, kuma wannan shirun ne yake cina har yau. Gwaggo ta ce magani ne aka yi mini don cikin ya zube. Kafin Juma'a ta zagayo matan Maourey duk sun ji, har wasu masu ciki suka ƙi yarda Yaya ta taɓa su a asibiti. Ni kuma na daina amsa gaisuwarta, in na ji muryarta sai in shige ɗaki.

Ran Lahadi Yaya ta shigo da kayan coci a jikinta, riƙe da tukunyar da take tafasa ruwan sha a gidanta. Maigidana yana zaune, bai san wainar da ake toyawa ba. Ta ajiye tukunyar a gabana, cikinta fari fat, ya ninka na butata kauri. Ta ce in miƙo butar. Ta kankaro garin da cokali, ta zuba a baki, ta tauna ina jin ƙararsa, ta haɗiye.

"Ƙanwata, ƙasar ruwan pompo ce," in ji ta. "Duk abin da aka daɗe ana tafasa ruwan nan a ciki sai ya yi haka. Da kin tambaye ni."

Ta matsa lemun tsami a butar ta tafasa, ta juye, sai ga ciki fes. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Na durƙusa na roƙe ta gafara ina kuka, ta ce ta yafe, ta ɗauki tukunyarta ta fita.

Na yi niyyar in bi gidajen Maourey in wanke ta. Gida biyu na shiga, nauyin maganar ya fi ƙarfina, na dawo. Gwaggo kuwa cewa ta yi Allah ya kiyaye gaba, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Da naƙuda ta zo, da rana tsaka, aka kai ni asibiti, Yaya ce a bakin aiki. Ta riƙe ni, ta lallashe ni, ta karɓi ɗiyata lafiya lau. Bayan an gama ƙishirwa ta kama ni, na ce ta ba ni ruwa. Kofi da tulu suna nan dab da hannunta. Ta dube su, sannan ta leƙa waje ta kira wata ma'aikaciya.

"Zo ki ba ta ruwa," ta ce. "Ki ɗebo da kanki, a gaban idonta."