Jar Fitila a Motar Kawu

Kowa a layinmu na Maamobi ya ce idon Baba ne ya kashe injin. Ba haka ba ne, kuma ni na fi kowa sani.

Baba fita ne, haka ake kiran makanike a nan Accra. Tun yana saurayi ya zo daga Nijar ya kafa gareji a bakin kwata, rumfar kwano ce da benci ɗaya. A 'yan shekarun nan hazo ya fara rufe masa ido. Ni kuwa na gama sakandare, ina sayar da rigunan waya a kasuwar Circle, sai na riƙa tsayawa da safe ina karanta masa lambar sifana da rubutun jikin kwali kafin in wuce.

Kawu, ƙanen Mama, yana da trotro guda, wato motar haya, da ita yake ci da iyalinsa. Injinta ya gaji, Baba ya sauke shi, ya yi mako biyu yana haɗawa: sabon ringi, sabon metal da sandar inji ke juyawa a kansa, sabon famfon mai. Kwana uku da fitarta, Kawu ya taka totur a titin Kanda da fasinja cike, jar fitilar mai ta kama ƙiftawa. Da igiya aka jawo motar.

Kafin azahar benci ya cika da masana. Wani ya ce famfon jabu ne. Wani ya ce baki ne, an yi wa Kawu hassada. Fitan da ke gefenmu, wanda ya daɗe yana ƙyalla ido a kan rumfar Baba, ya ce cikin ladabin munafunci, "Masta, metal ne bai zauna ba. Aikin awo sai da ido."

Kawu bai ɓoye ba. "Yaya, ka huta haka nan. Ka ba mutumin nan rumfa. Yau injin ne, gobe birki ne."

Na buɗe baki zan wanke shi, Baba ya ɗaga hannu. "Ke, ajiye bakinki, ɗauko mini agogon mai."

Agogon wani tsohon ma'auni ne mai allura da dogon tiyo. Baba ya laluba gefen inji da yatsu, ya kwance abin da ke kunna fitilar, ya ɗaura tiyon a gurbinsa, bai ko sunkuya ya duba ba. Ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa.

"Tayar," ya ce wa Kawu. "Ke kuma ki faɗa mini abin da allura ke yi. Kar ki ƙara gishiri."

Ta tashi, allura ta hau ta tsaya. Muka jira inji ya yi zafi, ni ina ta duba waya don rana tana yi, kasuwa na wucewa. Allura ta ɗan sauka kaɗan, ta tsaya cak.

"Taka."

Kawu ya taka. Allura ta yi sama, sai ta fara rawa, sai ta faɗo kamar an yanke mata ƙafa.

"Baba, ta..."

"Ta faɗi. Na ji. Kashe!"

Wallahi ya riga ni. Ni da nake kallon allurar da idona biyu, ya riga ni da kunne ɗaya a jikin ƙarfe. A cikin wannan ruri da ni ban ji komai ba sai hayaniya, shi ya ji lokacin da mai ya daina isa sama.

Ya juya wajen benci. "Da metal ne ya yi sako-sako, tana zafi za ta faɗi tun ba a taka ba, in an taka ta farfaɗo. Da famfo ne, ba za ta hau ba tun farko. Wannan tana zuƙa ne, wani abu na toshe mata baki. Kamar mai shan koko da tsinke, gudaji ya tare."

Fitan gefe ya yi dariya. "Ei, Masta ya zama boka."

"Boka zai kwance maka ƙasan inji yanzu," in ji Baba.

Aka tsiyaye mai, aka kwance kaskon da mai ke taruwa a ƙasa. Baba ya kwanta a kan kwali, ya miƙa hannu sama, ya shafa rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Sannan ya fito da hannunsa, a tafinsa wasu jajayen zare masu danƙo kamar tsutsa.

Na san su. Ranar da za a rufe kaskon Juma'a ce, an kira salla, Baba ya miƙa mini jan gam ya ce in shafa a bakin kasko siriri, kamar man kaɗe a leɓe. Gaskit ɗin da ke hana mai yoyo sai zamewa yake yi, ni kuma ina sauri. Na matse kusan rabin bututun, na ɗaure noti, na share abin da ya bulbulo ta waje ya yi kyau tas. Ban yi tunanin abin da ya bulbulo ta ciki ba.

Baba ya murza zaren a yatsunsa, ya ce, "Gam ya yi yawa. Hannuna ya yi nauyi."

Bai ko juyo inda nake ba. Kawu ya gyaɗa kai irin na wanda aka gaskata, fitan gefe ya fara kallon rumfa yana auna faɗinta.

"Ƙarya ne," na ce. Ban taɓa faɗa wa Baba wannan kalmar ba. "Ni na shafa. Ya ce siriri, na zuba kamar ina miya. Shi kuwa ba ido ya gano abin da ku masu ido kuka zauna kuna ta surutu a kai tun safe."

"Ke, 'yar nan, da manya kike magana," in ji Kawu, amma muryarsa ta yi sanyi.

Baba ya sa na wanke rariyar da fetur, ya sa na duba metal ɗaya bayan ɗaya ina gaya masa ko akwai zane. Allah ya taimaka, Kawu ya kashe motar da wuri. Da na zo shafa gam, ya ɗora yatsansa a kan nawa, muka zagaye kaskon tare a hankali har haƙurina ya kusa ƙarewa. Aka tayar, aka taka har rumfa na karkarwa, allura ta hau ta zauna. Kawu ya ce, "Masta, ka yafe ni," bai sake maganar rumfa ba.

Da suka watse na ɗauki sukudirebar na manna a kunnena. Hayaniya kawai. Baba ya ce shi ma shekara biyu ya yi kafin ya ji komai. Washegari na bar wa ƙawata teburina na Circle, na yanke tsohon wandon aikin Baba daidai tsawona, na ce masa zan fara daga wanke noti.