Kwalba Mai Taurari

Har gobe ba na son jin ƙarar fashewar kwalba. Jikokina dariya suke yi mini, wai tsohuwa ta cika tsoro. Su yi ta yi, ba su san komai ba.

Bayan rasuwar Baba, manja Inna take sayarwa a ƙofar gidanmu na haya a unguwar Treichville, can bakin teku. Mutanen garin nan kuwa ba ruwansu da ludayi ko ƙoƙo irin namu na gida. Lita suka sani, litar ma sai a kwalbar nan mai taurari a wuya. In ba su ga taurari ba, ko rantsuwa za ki yi musu, gaba za su yi. Abin haushin, giyar Nasara ake kawowa a cikinta. Wata maƙwabciyarmu ce ta ba Inna ɗaya. Inna ta wanke ta da toka, ta wanke da ƙasa, ta shanya a rana har ta gaji.

Lokacin yaƙin duniya ne, jiragen ruwa sun daina zuwa, kwalba ta yi wuyar samu. Inna lallaɓa tata take yi kamar jinjiri, domin Baffa, yayan Baba, malami a unguwar Adjamé, tsallaken ruwa, ya riga ya faɗa: ranar da ta kasa ciyar da ni, zai ɗauke ni.

Wata Juma'a ya zo duba mu. Ko zama bai yi ba idonsa ya sauka a kan taurarin.

"Wannan fa?"

"Ma'aunina ne, Malam," in ji Inna.

"Kwalbar giya a ɗakin ɗan'uwana? Da ita kike ciyar da marainiya?"

Wallahi Baffa ba mugu ba ne, Allah yake tsoro. Amma ya ɗaga kwalbar ya buga a kan dutsen niƙa. Inna ba ta yi kuka ba. Tsintsiya ta ɗauko, ta durƙusa.

"Malam, ɗaga ƙafarka, kada ta yanke ka."

Ta nemi wata har ta gaji, babu. Ta koma awo da ƙoƙo, masu saye suka koma wajen wasu. Kafin damina ta wuce na haye gada mai lilo a kan ruwa zuwa Adjamé, hannuna cikin na Baffa. Ban ƙara kwana ɗaki ɗaya da Inna ba har ta rasu, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Washegarin zuwana, matar Baffa ta miƙo mini gwangwani, in sayo wa fitilar karatun Malam kananzir a wurin wani Alhaji ɗan garinmu. Alhaji ya yi bisimilla, ya sunkuya, ya zaro ma'auninsa. Kwalba ce mai taurari a wuya.

Na tsaya ina kuka. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin.

"Haba 'yata, lita ce cif."

Sai ya ƙara mini gyara.