Turmin Gwaggo a Kan Teburin Shef

Har gobe ba zan manta da ranar da na ɗora turmi a kan teburin shef ba. Tunda ku sababbin shiga kuna ta jin labarin gutsi-gutsi a bakin mutane, gara ku ji shi daga bakina.

Kafin in zo wannan ma'aikata ta Akpakpa, shekara goma sha ɗaya na yi ina buga takardu da fotokofi a wani shago a Zongo. Karatuna bai wuce aji uku na kolej ba. A kwamfutar shagon na koyi aikin nan, duk lokacin da babu masu kawo takardu, ina kallon bidiyo ina kwaikwayo, in ɓata in sake. Ina da shekara talatin da takwas lokacin da aka ɗauke ni sitaj, wato zaman gwaji na wata uku. Mu uku aka ɗauka. Sauran biyun samari ne da suka fito daga jami'a da diplom ɗinsu.

Tsarin wurin a lokacin kamar na yanzu ne. Madam Afiavi ce mai ma'aikatar. Ƙarƙashinta akwai shef, wanda duk aikin da zai fita sai ya bi ta hannunsa, sannan ma'aikata, sannan 'yan sitaj. Shef ɗin, Mushe Bashiru, wato Malam Bashiru a faransance, ɗan unguwarmu ne, kuma na girme shi da shekara shida. Ni na buga masa takardun kammala karatunsa a shagon nan. A Zongo Anti Salamatu yake ce mini. A biro kuwa, wato ofis, na koma Madam Salamatu, da faransanci, ba ya ko ɗaga kai.

Ga wanda bai san aikin ba, abin da muke yi shi ne gina kaya a cikin kwamfuta, yadda za a juya su a gan su ta kowane gefe kamar na gaske. Sai ka auna abin tukuna, ka ɗauki hotunansa. Daga nan ka saƙa siffarsa da ɗigo-ɗigo da layuka, abin da muke kira raga. In raga ta tsaya, sai ka feɗe ta ka shimfiɗa kamar fatar sa, ka zana mata launi da tabo da tsatsa, ka mayar mata. A ƙarshe ka sa haske, na'ura ta fitar da hoto.

A ƙarshen sitaj kowa zai kawo abu ɗaya na cikin gida wanda ya gina da hannunsa. Doka ɗaya ce ba a sassautawa: wanda ya sauko da aikin wani daga intanet ya ce nasa ne, kora ce, kuma ba takardar shaida. Ɗaya saurayin ya yi kofin gilas, ɗayan ya yi waya. Ni na zaɓi turmin gwaggona, wanda ya girme ni. Bakinsa ya tsage an ɗaure da zoben ƙarfe, cikinsa ya yi sulɓi, manja da barkono sun rina shi. Mako uku na yi a kansa. Tsagewar kaɗai ta ci mini kwana huɗu.

Ranar Litinin aka haska ayyukanmu a babban allo, kowa yana zaune. Da aka zo kan nawa, shef ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Daga wane shafi kika ɗauko wannan?”

Na ce, “Daga tsakar gidanmu.”

“Madam Salamatu, shekara bakwai nake wannan aiki. Mai fotokofi ba ta yin irin wannan a wata uku.”

Madam Afiavi ta tambaye ni ko ina da matakan aikin, wato ajiyar da ke nuna yadda ya faro da yadda ya yi ta canzawa. Ba ni da su. A shago na saba ajiye sabo a kan tsoho saboda ƙarancin wuri, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini kuskure ne.

Bayan an watse shef ya kira ni gefe, ya koma Hausa. Ya riga ya rubuta takarda, wai na amsa na yi kuskure, na janye da kaina.

“Anti, ki rufa wa kanki asiri. Ki sa hannu, maganar ta mutu a nan. Ba wanda zai ji a Zongo.”

Na ce, “Bashiru, in na sa hannu, ni zan ji. Ajiye bironka.”

Washegari da safe na ciccibo turmin zuwa bakin titi. Zem biyu, wato 'yan acaɓa, suka ƙi ɗaukata. Na ukun ya yarda, muka ɗaure turmin a gabansa, na riƙe taɓarya a baya. Muna kan gada ya juyo ya ce, “Hajiya, daka za ki je yi a Akpakpa?” Na ce masa ai kuwa, daka ce.

Ban tsaya gaisuwa ba. Na shiga da shi, na ture takardun shef gefe, na dire shi a kan teburinsa. Na ce a sake haska hoton. Na nuna musu tsagewar, da zoben, da gurbin da ƙusa ta fita, ɗaya bayan ɗaya, a allo da kuma a itace.

Shef bai girgiza ba. Ya ce, “Wannan ya nuna turmin naku ne. Bai nuna hannunki ne ya yi ba. Ana iya sa wani ya yi.”

Na juya wajen Madam Afiavi. “Madam, ki zaɓi duk abin da kika ga dama. A cire mini intanet, a zaunar da ni inda shef zai ga allona. In na kasa, zan tafi ba sai an kore ni ba. Amma takardar can ba zan taɓa sa mata hannu ba.”

Ta fita waje, ta dawo da butar shayin maigadi. Tsohuwa ce ta alminiyan, gefenta ya loɓe, hannunta an naɗe da waya, gindinta baƙi ƙirin. Ta ce kwana biyu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar farko ta yi mini wuya. Aiki da ido a ƙeyarka wani abu ne daban. Bakin butar sau uku ina rushe shi ina sakewa. Shef yana gefena, ina jin ya ja numfashi duk sa'ad da na yi abin da ba haka aka koya masa ba. Da azahar in tashi in yi salla, in dawo in zauna. Rana ta biyu na feɗe ragar, na sa baƙin gawayi da sawun ruwan shayi da ya sha gangarowa ta baki. Kafin la'asar hoto ya fito. Aka kira maigadi ya gani, ya ce shi dai a ba shi butarsa, kwana biyu bai sha shayi ba.

Sai a lokacin shef ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar Litinin. Ya cire fatar butar ya buɗe ragarta, ya buɗe ta turmin a gefe. Ya daɗe yana juya su.

Ya ce, “Ragar nan ta yi cunkoso. Inda layi goma za su isa, kin zuba ɗari. Duk inda abu ya lanƙwasa sai ki tara ɗigo kamar tururuwa. Haka yake a butar, haka yake a turmin. Ba mai sayar da irin wannan a intanet. Hannu ɗaya ne.”

A hankali ya faɗa, ni da Madam Afiavi kaɗai muka ji. Na ce, “Shef, gyaran na karɓa, gaskiya ne. Amma a gaban kowa ka kira ni ɓarauniya. A gaban kowa za ka janye.”

Madam Afiavi ta dube shi. Ya miƙe ya faɗa wa kowa a ɗakin cewa aikin Madam Salamatu nata ne, shi ya yi kuskure. Jimla biyu, ya zauna. Sun ishe ni.

An ɗauke ni aiki a ƙarshen watan. Wata shida shef yana dawo mini da raga in rage, kuma kusan kullum yana da gaskiya. A wajensa na koyi saƙa mai tsabta, ba zan ɓoye wannan ba. Abota dai ba mu yi ba har ya bar nan.

Abin da na gane shi ne, a sana'ar nan kowa yana da sawun hannu, kuma ba a cikin kyan hoto yake ba, a ƙarƙashi yake, har da kurakuransa. Don haka ku ajiye kowane mataki na aikinku daban, kada ku ɗora sabo a kan tsoho. In wata rana kuka zama masu duba aikin wasu, ku buɗe raga kafin ku buɗe baki. Mutanenmu na wannan aiki suna da ido, amma sau da yawa mai aikin suke fara dubawa, daga ina ya fito, wace takarda ya riƙe. Ba za ku iya hana su ba. Abin da ke hannunku shi ne sa hannunku, kuma kada ku bayar da shi a kan abin da ba ku aikata ba, ko da wanda ya miƙo takardar ya kira ku Anti.